Sakiya a jikin jariri: abin da ke kai mu, da abin da zai fisshe mu

Akwai tabo bakwai a cikina, sun zagaye cibiya kamar an ɗiɗɗiga su da alƙalami. Inna ta ce ina da wata biyu aka yi mini su. Wai cikina ya kumbura, na kwana uku ina tsala kuka, sai kakata ta aika aka kira wanzami, ya sa basilla a garwashi, ya yi abin da ya saba. Har gobe Inna tana cewa wannan sakiyar ce ta tashe ni. Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi, in suka ɗaga riga za su ga nasu: wani a ciki, wani a ƙirji, wani a ƙeya ko a gefen ido.

Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne, tun da jama'a suka fara dawowa Hartum bayan watan Maris na 2025, ina ganin jarirai da sabon tabo fiye da yadda na saba gani kafin yaƙi. Ina ganinsu a bayan matan da ke rako yara makaranta a nan Umdurman, ina ganinsu a layin karɓar abinci na takiyya. Kwanan baya muna zaune a ofishin malamai, wani abokin aikina ya ce, "Ustaz, wannan ai jahilci ne kawai." Na yi shiru. Ni da ke riƙe da takardar kwalejin horon malamai, da hannuna na riƙe 'yata aka yi mata. Ra'ayina a yau shi ne a daina sa ƙarfe a jikin jariri. Sai dai zagin iyaye ba zai hana komai ba, sai mun duba abin da ke tura su, mun toshe shi.

Bari mu fara da sunayen abin, don kowa ya san a kan me ake magana. Akwai sakiya, wato huda fata da allura ko basilla mai zafi. Akwai tsaga da aska, a ciki ko a ƙirji, don a fitar da abin da ake kira mataccen jini. Akwai lalas, ɗora ƙarfe mai zafi, wanda maƙwabtanmu ke kira kayy. Akwai cire beli, su suna cewa risha. Sannan akwai haifat: a tsaga dasashin yaro a ciro wani ɗan farin abu da ake cewa shi ke kawo gudawa da zazzaɓi. A wurinmu wanzami ke yi, a wurin wasu kuma basir. Kada wani ya ce mana al'adar Hausawa ce kaɗai. Dakta Ahmad al-Safi, wanda ya kafa cibiyar binciken maganin gargajiya a Hartum, ya rubuta irin waɗannan ayyuka a littafinsa na 2006 a matsayin abin da ake yi a sassan Sudan daban-daban, kuma cire haƙoran jarirai sananne ne har Habasha, Yuganda da Tanzaniya.

Wasu 'yan boko suna kare abin da cewa ai irin allurar 'yan Sin ce. Gaskiya ne likitocin Sin sun fara zuwa ƙasar nan a 1971, mutane sun ga aikinsu a Abu Ushar da asibitin Sadaƙa na Umdurman. Amma allurarsu siririya ce kamar gashi, a tsabtace take, ba daga zabira aka zaro ta bayan an yi wa yaron maƙwabta ba. Kuma ko ita ɗin ba ta mayar da ruwan da gudawa ta zubar.

To, ga abin da ya faru a gidana. A daminar 2024 muna raɓe a gidan dangi a Sawra, arewacin Umdurman, mun baro namu gidan saboda harbi. 'Yata tana da wata bakwai, gudawa ta kama ta da zazzaɓi. Inna ta buɗe bakinta, ta danna dasashi da yatsa, ta ce, "Haifat ne." Na ce, "Inna, a bari gari ya waye mu kai ta asibiti." Ta dube ni ta ce, "Kai da aka yi wa ka rayu har ka zama ustaz, yau kai ne za ka koya mini rainon ɗa?" Albashi ya yi watanni bai shigo ba, Bankak ɗina babu ko kuɗin raksha, ana jin ƙarar igwa jefi-jefi. Wanzami kuwa gida biyu ne tsakaninmu. Ya zo da sallamarsa, ya gaida Inna da girmamawa, ya ce mini, "Kwantar da hankalinka ɗana, ba kanta farau ba." Bai tambayi kuɗi ba, ya ce sai Allah Ya hore. Ya tsaga dasashin ƙasa ta gefe biyu, ya ciro abin da ya ciro, ya yi mata sakiya uku a ciki. Ta tsala ihu, can ta yi lamo, barci ya ɗauke ta. Muka ce alhamdulillahi. Ashe gajiya ce.

Washegari ta ƙi nono saboda ciwon da ke bakinta. A rana ta uku maɗigarta ta faɗa, idanunta suka zurma, tana kuka ba hawaye, tun safe ba ta jiƙa zane ba. Wani maƙwabci ne ya ranta mini kuɗi muka garzaya asibiti. An daɗe ana neman jijiya, daga ƙarshe a fatar kanta aka sa mata ƙarin ruwa. Kwananmu biyar. Likitar, wata matashiya da barci bai ishe ta ba, ta yi mini bayani cikin natsuwa: gudawa ta kwashe ruwan jikinta, mikin baki kuma ya hana ta mayar da shi. Allah Ya raya ta. Yanzu ta cika shekara biyu, haƙoranta sun fito, amma wurin fiƙoƙin ƙasa biyu fili ne. Duk sanda ta yi dariya sai na tuna daren nan.

Me ya kai ni? Abin da ya kai ni shi ke kai kowa, kuma ba abu ɗaya ba ne.

Na farko, nisa da tsoro. Tun ranar 15 ga Afrilu 2023 asibitoci suka yi ta rufewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha faɗin cewa kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na wuraren kiwon lafiya a yankunan da ake yaƙi sun daina aiki. A Umdurman nauyin ya koma kan asibitoci kaɗan irin su al-Nau da asibitin yara na al-Buluk, a kudancin Hartum kuma Basha'ir, kusa da Mayo inda 'yan uwanmu suke da yawa. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Na biyu, kuɗi. Asibiti yana nufin kuɗin mota, kuɗin gwaji, kuɗin magani, da yinin da magidanci zai rasa a kasuwa. Wanzami yana karɓar abin da ya samu, wani lokacin kwanon dawa, wani lokacin alkawari.

Na uku, harshe da mutunci. Wannan namu ne musamman. Akwai tsofaffinmu da Hausa ta fi Larabci zama a bakinsu. Kowa a cikinmu ya san yadda ake furta kalmar nan "Fallata" in ana so a nuna maka kai baƙo ne, ko da kakanninka sun zo tare da Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, ko da gumin iyayenka ne ya shayar da audugar Jazira. Kafin yaƙi na taɓa ganin an daka wa wata uwa tsawa a wata cibiyar lafiya don an ga tsaga a cikin ɗanta. Kuna jin za ta koma? In ma ta koma, sai ciwo ya ci ƙarfinta. Wanzami kuwa ya san kakanka, shi ya yi maka askin suna, yana zama a kan tabarma ya saurari tsohuwa har ta gama.

Na huɗu, wanzami yana ba ciwo suna kuma yana yin abin da ido ke gani. Ga jini ya fito, ga farin abu a tafin hannu. A asibiti kuwa sai a ba ka 'yar leda ta gishiri da sukari a ce ka je ka dama. Zuciyar uwa sai ta ga kamar an raina ciwon ɗanta, alhali wannan 'yar ledar ita ce maganin.

Na biyar, yawancin ciwon jarirai yana wucewa da kansa. Kukan murɗar ciki yakan yi tsanani wajen sati shida, ya lafa a wata uku zuwa huɗu, ko an taɓa yaro ko ba a taɓa shi ba. Ni an yi mini sakiya ina da wata biyu, na daina kuka ina da wata uku, sai basilla ta kwashe ladan.

Na shida, kuma a nan nake kuka da mu maza: wa ke yanke shawara? Yarinyar da ta haihu ba ta da ta cewa a gaban uwar miji. Mijin da ke da ikon cewa a'a kuma sai ya noƙe, ya ce harkar mata ce, ko ya ji nauyin mahaifiyarsa kamar yadda na ji.

Yanzu ga abin da ke faruwa a jikin yaro, yadda na bi na tambaya na karanta bayan abin ya ci ni. Haƙori yakan fara fitowa wajen wata shida. A daidai lokacin ne kariyar da jariri ya samo daga jinin uwarsa take raguwa, a lokacin ne ake fara ba shi kunu da ruwa, a lokacin ne yake rarumar duk abin da hannunsa ya kai ya sa a baki. Shi ya sa gudawa da haƙori suke zuwa tare kamar 'yan gida ɗaya, amma ƙwayoyin cuta ne ke kawo gudawar. Farin abin da ake cirowa ba tsutsa ba ce, tushen fiƙa ne da bai ƙosa ba. Kowane yaro mai lafiya yana da shi, kuma in aka haƙe shi ana iya lalata haƙorin girma da ke kwance a ƙarƙashinsa.

Beli ma halitta ne, kowa da shi aka haife shi. Jinin sabon haihuwa bai cika saurin daskarewa ba saboda ƙarancin sinadarin bitamin K a jikinsa, kuma duk jinin da ke jikin jariri a satinsa na farko bai fi cikin kofin shayi biyu ko uku ba. Abin da babba zai zubar bai ji ba, shi zai iya kai jariri kabari. Aska ɗaya da ta bi yara da yawa tana iya ɗaukar ciwon hanta nau'in B, kuma jaririn da ya kamu da shi, kusan tara cikin goma cutar takan zauna musu har girma. Tokar da ake shafawa a miki da tsumman da ake sharewa da shi suna iya shigar da cutar sarƙewar haƙora. Wuta tana ƙona bakin basilla, ba ta wanke hannu ko tsumma.

Akwai kuma sikila, wadda take da yawa a cikinmu. Sau da yawa alamarta ta farko ita ce kumburin bayan hannu da ƙafa mai zafi, daga wajen wata shida. In aka tsattsaga kumburin nan, an zubar da jinin yaron da dama jininsa bai ishe shi ba, kuma an ɓata damar gano cutar da wuri.

Amma mafi girman ɓarnar ita ce kwanakin da ake rasawa. An yi aiki, sai a zauna jiran ya kama. Kwana ɗaya, kwana biyu. Gudawa da ciwon huhu ba sa jiran kowa.

Na san amsar da ke bakin wasu: "Ai mu ma an yi mana, ga mu nan." Haka ne, ga mu nan. Amma waɗanda ba su rayu ba, ba sa nan balle su ɗaga riga su nuna nasu tabon. Wata rana na tambayi Inna nawa ta haifa, ta ce tara. Shida ne muka girma. Ban ce basilla ce ta ɗauke ukun ba, ajali na Allah ne. Abin da nake cewa shi ne, kada mu ƙirga rayayyu kaɗai mu ce magani ya ci.

Wasu kuma suna jingina abin da addini. To, mu duba. Ya tabbata a Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) ya ambaci lalas cikin hanyoyin waraka, amma a hadisin ɗin dai ya hana al'ummarsa yin sa, shi ya sa malamai suka ɗauke shi abin da ba a zuwa gare shi sai an rasa wata hanya. Wanda ya fi dacewa da maganarmu shi ne hadisin Ummu Ƙais bint Mihsan, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Ta zo da ɗanta bayan ta danne masa maƙogwaro da yatsa saboda ciwon wuya, kamar yadda matan lokacin suka saba. Annabi (SAW) bai yarda da wannan azabtarwar ba, ya nuna mata hanya mafi sauƙi. Ku lura, bai kira ta jahila ba, kuma bai sallame ta hannu wofi ba. Sannan akwai hadisin da Abu Dawud da wasu suka ruwaito, cewa wanda ya yi aikin magani ba tare da an san shi da ilimin likitanci ba, ɓarnar da ta biyo baya tana wuyansa. Ya kamata limamanmu su riƙa karanta mana waɗannan a huɗuba da wuraren suna.

To mene ne abin yi? A nan garin Umdurman akwai darasi. A 1921 aka buɗe makarantar horar da ungozomomi ƙarƙashin wata Baturiya, Mabel Wolff. Ba ta jira sai an samu 'yan makaranta ba. Ta ɗauki mata da ba su iya karatu ba, har da ungozomomin gargajiya, ta koya musu wanke hannu, dafa kayan aiki, da gane magani ta ƙamshi da ɗanɗano, aka sallame su da akwatin aiki. Daga cikin irin waɗannan matan ne aka samu Sitt Batul Muhammad Isa, wadda ita ma ta horar da wasu. In an iya wannan da ungozoma shekara ɗari da suka wuce, me zai hana a yi da wanzami yau?

Wanzamanmu ba maƙiya ba ne. Mutumin da ya yi wa 'yata aiki ya zo ne cikin dare don ya taimake ni. Shi ne mutum na farko da ake kira in yaro ya kwanta, don haka shi ya fi kowa dacewa ya san alamun haɗari. Shugabannin unguwa da matasan da suka riƙe takiyya da ɗakunan agajin gaggawa a lokacin yaƙi za su iya haɗa wanzamai da ma'aikacin lafiya, ko da yini ɗaya ne a farfajiyar masallaci. A bar musu askin suna da ƙahon manya da reza sabuwa ga kowane mutum. A sa ledar gishiri da sukari a zabirarsu. A nemi alkawari ɗaya daga gare su: ba tsaga, ba sakiya, ba taɓa baki a jikin jariri. Kuma duk wanda ya tura yaro asibiti, a ba shi ɗan hasafi daga asusun unguwa, don sana'a ce, da ita yake ci da iyalinsa. An ce wanzami ba ya son jarfa, to nasa jikan ma bai kamata a yi masa ba.

Mu iyaye kuma ga abin da ya kamata kowa ya haddace, kamar yadda nake sa ɗalibaina haddar jadawalin sau. Idan jariri yana gudawa, kada a tsayar da nono. A nemi amlah tarwiya a kantin magani, leda ɗaya a lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, a riƙa ba shi da cokali kaɗan-kaɗan. In babu, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokali na gishiri, a lita ɗaya. A tambayi ƙwayar zinki, ana shan ta kwana 10 zuwa 14. Idan yana tari, a ɗaga rigarsa yana kwance shiru, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya da agogon waya. Wanda bai kai wata biyu ba, 60 ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa shekara, 50. Daga shekara zuwa biyar, 40. Idan ya ƙi nono, ko maɗiga ta faɗa, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja numfashi, ko yana jijjiga, ko zazzaɓi ya kama wanda bai kai wata biyu ba, ba a kwana da shi a gida. Sannan a duba katin rigakafi. Tun 2011 Sudan ta sa rigakafin ƙwayar cutar rota, mai haddasa mummunar gudawa, cikin na yara, kuma yaƙi ya sa da yawa sun tsallake nasu. A je a cike.

Ga hukumomin lafiya da ƙungiyoyin da ke sake buɗe cibiyoyi, roƙona biyu ne. A tuna da unguwannin gefe inda talakawa suke. Kuma a sa mai jin Hausa, ko da ɗan sa-kai ne, a bakin ƙofa. Uwar da ta zo da yaro mai tsaga, a fara ce mata sannu da zuwa, nasiha ta biyo baya.

Ku kuma 'yan uwana maza, a yi maganar tun yaro yana lafiya, ba sai tsakar dare ba. Ni na yi da Inna bayan mun dawo daga asibiti. Na durƙusa na ce, "Inna, ki yafe mini, ba raina ki na yi ba. Kin yi mana abin da kika samu a zamaninki. Amma kin ga yadda ta kusa tafiya." Ta daɗe ba ta ce komai ba. Da matar ƙanena ta haihu bana, Inna ce da kanta ta ce wa wanzami ya yi aski kawai, ya bar belin. Har yanzu dai tana nan a kan bakanta cewa sakiya ce ta tashe ni, ni kuma na daina musu da ita a kan wannan.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kawo mana ƙarshen wannan yaƙi. Amin.